Bakwai Cikin Dubu

Shekara talatin da ɗaya ina awon riɗi a kasuwar Gadarif.
Sau uku Babikir maƙeri yana sake wa sikelina ƙugiya.
Ban taɓa tauye wa manomi ko cikin tafi ba:
abin da ya hau shi nake kira,
abin da na kira shi magatakarda ke rubutawa.

Ihlas ta zo hutu cikin azumi,
ta same ni a rumfa, rana na dukan kwano kamar tana bin sa bashi.
Ta ce, Baba, ka san wannan mai gasa mana ƙeya
awonta bai taɓa cika ba?
Na ce, ke, da azumi a bakinki?

Ta tsinci ƙwayar riɗi huɗu a bakin buhu,
ta jera min a tafin hannu.
Ta ce, ɗauka haidirojin ne.
Ba sa ga maciji da juna,
wannan ta matso, waccan ta ture ta.
Amma can cikin cikin rana babu wurin gudu,
nauyi ta sama, zafi ta ko'ina,
matsi ya fi na bakin famfo ranar da ruwa ya dawo,
har gabar ta gaji,
huɗun su dunƙule su zama ɗaya.
Sunan jaririn hiliyam,
irin iskar da ke sa balan-balan ya tsere wa yaro.

Na ce, to, huɗu a haɗe ai huɗu ne.
Ta ce, ɗora a sikeli.
Bai kai ba.
Bakwai cikin dubu babu su.

Nan na gyara zama.
A lodin buhu dubu, bakwai sun yi ƙafa!
An fasa wa mutum goshi a kasuwar nan
kan abin da bai kai rabin haka ba.
Wa ya ɗauka? Wa zai biya?

Ta nuna waje da haɓa.
Ga shi can yana zuba kan buhunanka.
Giɓin ne ya zama haske.
Shekaru dubbai yana lalube cikin rana kafin ya sami ƙofa,
daga ƙofar zuwa ƙeyarka minti takwas.
Shi ya ɗago ruwan da ya sauka a gonakin Doka,
shi ya nunar da riɗin,
shi ne man da ke kwance cikin ƙwayar.

Ashe tun ina saurayi
ragowar wani awo nake aunawa.

Ta ce akwai masu son kunna irinta a ƙasa,
cikin zoben maganaɗisu,
don ba a ƙera tukunyar da za ta riƙe ta ba.
Itacenta ruwan teku, ba ta hayaƙi.
Na ce, ta kama?
Ta ce, tana kamawa tana mutuwa, kamar ashana a bakin iska.
Ba ta rufe baki ba lantarki ya ɗauke,
fankar mai shayi ta yi juyi biyu ta tsaya.
Muka yi dariya har Adam ɗan dako ya waiwayo.

Da yamma muna tafiya gida ina kallon ta ta gefe,
tafiyar uwarta, marigayiya Sittana, goshina,
da wani abu da ba na ɗayanmu ba.
Ban ce komai ba. Ni mai awo ne,
ba na kiran abin da bai hau sikeli ba.

Ƙwayoyin nan huɗu suna aljihuna.
Da aka sha ruwa, bayan dabino,
na laluba na jefa su a baki.
Ɗanɗanon riɗi ne, ba wani abu ba.
Amma na daɗe ban haɗiye ba.